Yadda ake fara karɓar kuɗin fakin a ƙaramin gari ba tare da rigima ba

Kansiloli, shugabannin kasuwa da jami'an tattara kuɗin shiga sun sha yin tambaya iri ɗaya: idan ana son a tsara wurin ajiye motoci da babura a gari, a riƙa biya, ta ina ake farawa? Yawanci ranar kasuwa ce ke jawo tambayar. Duk wanda ya ratsa Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Mai'adua ranar Lahadi, ya san yadda titi ke zama idan kowa ya tsaya inda ya ga dama. A nan an ɗauki gari mai hedikwatar ƙaramar hukuma a arewacin Najeriya, mai kasuwa da ke ci mako-mako da babban titi ɗaya da ya ratsa ta gefenta.

A bi matakan yadda aka jera su. Mafi yawan wuraren da abin ya watse, da buga tikiti suka fara, alhali shi ne mataki na shida.

1. Ƙidaya

Kafin a kira taro ko a tsayar da farashi, a fita a ƙirga. A raba titin da kewayen kasuwar gida-gida, kowane yanki kamar mita 100, a ba mutum ɗaya yanki biyu ko uku. Kayan aikinsa littafi ne da biro da agogon waya. Duk bayan awa ɗaya, daga 7 na safe zuwa 6 na yamma, zai zagaya ya rubuta abin da ya tarar a tsaye: ƙananan motoci nawa, bas nawa, a-kori-kura, adaidaita sahu, babura, manyan motoci. A motoci ya haɗa da lambobin ƙarshe guda uku na lambar motar. Waɗannan lambobin su ne za su nuna wanda ya tsaya minti ashirin ya sayi magani ya wuce, da wanda ya ajiye tun safe har la'asar.

A yi haka mako biyu a jere, a tabbatar ƙidayar ta haɗa da ranar kasuwa biyu, Juma'a biyu da ranakun da ba kasuwa. Daga ciki za a fitar da abu uku: yawan ababen hawa a lokacin da aka fi cunkoso, tsawon zaman kowane iri, da su wane ne masu daɗewa. Sau da yawa za a tarar cewa motocin da suka tare gaban shaguna wuni guda na masu shagunan ne da kansu. Wannan bayani shi zai yi amfani a teburin sulhu, don haka a adana littattafan.

Gargaɗi: kada a yi ƙidayar a makon sallah, ko a ɗauki lissafin kaka a ce haka shekara take. Motocin hatsi da ke cika gari a Nuwamba ba su nan a Yuli. Idan da kaka aka ƙirga, a sake yin ta mako ɗaya da damina kafin a ƙulla wata yarjejeniya mai tsawo.

Idan ƙidayar ta nuna cewa ko a ranar da ba kasuwa rabin bakin titin a buɗe yake, to a ranar kasuwa kawai ake bukatar tsarin. Kada a ɗora kuɗi a ranar da babu matsala.

2. Titin wa ne, filin wa ne, wace doka?

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota. Dokar jerin haraji ta 1998 ma ta sa kuɗin tasha da tarar fakin a inda bai dace ba cikin kason ƙananan hukumomi, ta kuma hana datse hanya don karɓar haraji. Amma jihohi da dama sun haɗa tattara kuɗin shiga ƙarƙashin hukumar haraji ta jiha. Kaduna, alal misali, ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu tun dokarta ta 2016. Sabbin dokokin haraji na tarayya kuma sun fara aiki a Janairun 2026. Saboda haka a ba lauyan ƙaramar hukuma aikin duba dokar jihar, ya amsa a rubuce: wa ke da ikon karɓa, kuma a wane asusu kuɗin zai faɗa.

Sai batun titi. Idan babban titin da ya ratsa garin na tarayya ne, kamar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ƙaramar hukuma ba ta da hurumin yanka kafaɗarsa ta sayar wa masu fakin. Titin jiha ma sai da izinin jiha a rubuce, kuma a jihohi masu hukumar kula da zirga-zirga, irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, da su za a zauna. Abin da ƙaramar hukuma ke da cikakken iko a kansa shi ne titunan cikin gari nata da filayenta.

Fili kuma a tabbatar da takardarsa. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, filin da ke yankin da aka ayyana a matsayin birni yana hannun gwamna, kuma hedikwatocin ƙananan hukumomi da yawa suna cikin wannan rukuni. Idan na wani mutum ne, a yi hayarsa a rubuce, aƙalla shekara biyar, da shaidu da sa hannun duk magada in gado ne. Kada a zuba marmara a filin da aka karɓa da baki.

Daga nan majalisar kansiloli ta yi doka. Dole ta ƙunshi sunayen tituna da filayen da abin ya shafa, ranaku da awoyi, farashin kowane irin abin hawa, waɗanda aka yafe wa, adadin tara, wanda aka ba ikon karɓa, da inda mai ƙorafi zai kai kukansa. A bi hanyar amincewa da buga ta da dokar jihar ta tanada.

Gargaɗi: takardar umarni daga ofishin ciyaman ba doka ba ce. Duk tarar da aka ci mutum a kanta, ranar da ya je kotu sai an mayar masa.

3. Zama da masu ruwa da tsaki

Daftarin dokar na hannu, ba a kai ga zartarwa ba, sai a fara zagaye. A fara da hakimi, domin ta bakinsa dagaci da masu unguwa za su ji. Sai sarkin kasuwa da shugabannin layuka, sai sarkin tasha da shugabannin NURTW, wato yuniyan ɗin direbobin motocin haya, sai ƙungiyoyin 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu, sai DPO da jami'an kiyaye haɗurra, sai limaman masallatan Juma'a. A gana da kowane rukuni shi kaɗai kafin a haɗa su a zaure ɗaya. Mutum ba ya sassautawa a gaban abokin takararsa.

Wurin da aka fi samun tirjiya shi ne wajen 'yan yuniyan, domin suna ganin an shigo musu gona. A fayyace tun farko cewa tasha daban, wurin fakin daban. Motar haya da ta biya kuɗin tasha, tana lodi a cikin tasha, ba za a sake karɓar komai a hannunta ba. Haka ɗan acaɓa da ke jiran fasinja a matsayarsa: a shata masa wuri, kada a sa shi cikin masu biya. Wanda zai biya shi ne wanda ya ajiye abin hawa ya tafi harkarsa.

Akwai mutane iri biyu da ake yawan mantawa. Na farko samarin da tun da can suke gadin babura a bakin kasuwa suna karɓar na goro. Sun san kowa, sun san ɓarayin babur da fuska. A tantance su ta hannun mai unguwa, a ɗauki na kirki aiki. In aka kore su haka kawai, su ne za su buɗe nasu wurin a bayan kasuwa a rabin farashi. Na biyu masu shayi, masu faci da masu talla da ke zaune a filin da za a gyara. A ware musu layi a jikin shingen daga waje kafin gireda ta iso.

A wannan zama ne kuma za a sanar da inda kuɗin zai tafi, a ambaci abu takamaimai: fitilun titin kasuwa, yashe kwata, kwashe shara ranar da ta biyo bayan kasuwa. “Ci gaban gari” ba amsa ba ce da ɗan kasuwa zai riƙe.

4. Zaɓen fili da gyara shi

Nisan filin daga ƙofar kasuwa kada ya wuce mita 200 zuwa 300. Wanda zai fito da buhu ba zai yarda da fiye da haka ba, sai dai ya koma bakin titi ya jira tara. A kauce wa filin idi, filin makaranta, gefen maƙabarta, burtali da duk inda ruwa ke kwanciya. Masu unguwa sun san inda ke zama tafki a Agusta. A tambaye su.

Ma'aunan da ake aiki da su:

Ƙaramar mota: faɗi mita 2.5, tsawo mita 5. Hanyar da ke tsakanin layi biyu mita 6, don mota ta iya juyowa da baya.
Fakin a jikin titi, mota na bin mota: mita 6 ga kowace, faɗi mita 2.2 zuwa 2.5.
Babur: mita 1 da mita 2, da hanyar mita 2 a tsakani.
Adaidaita sahu: mita 1.5 da mita 3.
Gurbin masu bukata ta musamman: faɗi mita 3.6, kusa da ƙofa. Dokar kare haƙƙinsu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a ware musu wuri a wuraren fakin na jama'a.

Idan aka haɗa da hanyoyi, kowace mota na cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 zai ɗauki mota 15 zuwa 18 ne kawai, ba 40 ba kamar yadda ido ke nunawa. Fili mai ƙafa 100 da 200, wato kusan mita 30 da 61, zai ɗauki mota kusan 60, ko kuma mota 40 a layi biyu da babura kusan 150 a ragowar. A yawancin garuruwanmu tsari na biyu ya fi dacewa, domin babura sun ninka motoci.

A raba ƙofar shiga da ta fita, kowace mita 4, a kuma yi wa babura tasu ƙaramar ƙofa. Ƙofar shiga ta kasance a titin gefe idan da hali, nesa da mahaɗar hanya da aƙalla mita 15. A janye rumfar mai tikiti zuwa ciki da tsawon mota uku, don layin masu jiran tikiti kada ya fito kan kwalta ya haifar da cunkoson da aka zo magancewa.

Daɓe: a kankare ƙasar sama mai ciyawa da shara, a zuba marmara, a jiƙa, rola ta danne har kaurin ya tsaya a santimita 15. Ga filin ƙafa 100 da 200, wannan kubik mita 280 ne bayan dannewa. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda tana zama, ya kama kusan 350. Idan tifar na ɗaukar kubik mita 10, sawu 35 ke nan. A auna bayan tifar da tef kafin a yi ciniki, a sa mutum yana rubuta kowane sawu, domin a nan ake yawan cin kuɗin aiki. A karkata filin santimita 2 a kowace mita zuwa kwata, a sa kwalbati a bakin kowace ƙofa. A yi aikin da rani.

Fenti ba ya zama a kan marmara. A shata gurabe da bulo ko tsofaffin tayoyi da aka binne rabinsu aka shafa musu farin fenti. Inda akwai kwalta ko siminti, layin fenti mai faɗin santimita 10 ya isa. Sai shinge ko da na waya ne, fitilu masu amfani da hasken rana a kusurwoyi huɗu da ƙofofi, bokitan yashi da tukunyar kashe gobara biyu a rumfa. Idan akwai bishiya a filin, a tsara layuka a kewaye da ita. Gurbin da ke inuwa shi ke fara cika.

Gargaɗi: tirela da tankar mai ba sa shiga wannan fili. Tirela ɗaya na bukatar kusan mita 3.5 da 18, ban da wurin juyawa, kuma nauyinta zai farfasa daɓen a damina ɗaya. A nema musu wuri a wajen gari. 'Yan bumburutu ma kada a bari su kafa teburi a ciki ko a jikin shinge.

5. Farashi

Farashin ya zama mai sauƙin faɗa a numfashi ɗaya, ya kuma dace da takardun kuɗin da ke hannun mutane: 100, 200, 500. Duk farashin da ke bukatar canjin 50 zai jawo faɗa a ƙofa, canjin kuma ya ƙare a aljihun mai tikiti. Ba sai an yi lissafin awa-awa ba. Mataki uku sun isa: ƙasa da awa biyu, wuni, da kwana. Mai tikiti zai rubuta lokacin shiga a jikin tikitin.

Bakin titi a gaban shaguna shi ne wuri mafi daraja, don haka shi ya kamata ya fi tsada ga mai daɗewa. A ba da minti 20 na farko kyauta saboda mai sayen magani ko mai cire kuɗi, bayan haka farashin ya ninka na cikin fili. Masu shaguna a yi musu katin wata mai rahusa a cikin fili, su bar gaban shagon ga mai saye. A ware awoyin sauke kaya, misali kafin 9 na safe, babu biya.

Ga misalin lissafi, da farashin da aka ɗauka don gwaji kawai. Kowane gari ya sa nasa. A ce ranar kasuwa mota 100 sun shiga, kowace ta biya naira 300 a matsakaici, babura 300 a kan naira 100: naira 60,000. Kasuwa huɗu a wata, 240,000. Sauran kwana 26, mota 30 da babura 60 a rana: 15,000, wato 390,000. Jimla 630,000. A cire kashi 20 cikin 100 saboda ranakun ruwa, waɗanda aka yafe wa da abin da zai zube, saura 504,000. Kashewa: ma'aikata huɗu na dindindin a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024, 280,000, ƙarin mutum huɗu ranar kasuwa a kan 4,000 kowannensu, 64,000 a wata, buga tikiti 25,000, ajiyar gyara 60,000. Jimla 429,000. Abin da ya rage 75,000 ne a wata.

A dubi wannan adadi da kyau kafin a yi wa kowa alkawari. Ba zai mayar da kuɗin marmara da shinge cikin shekara ɗaya ba, shi ya sa gyaran fili ya kamata ya fito daga kasafin ayyuka na ƙaramar hukuma. Wanda ya shiga da niyyar samun kuɗi mai yawa zai ƙare da tsauwala farashi, mutane su gudu lunguna. Ribar gaskiya ita ce titin da ya buɗe da babur da ba a sace ba.

Waɗanda aka yafe wa a rubuta su a doka, jerin ya zama gajere: motar asibiti, motar kashe gobara, jami'an tsaro da ke bakin aiki, masu jana'iza, da lokacin sallar Juma'a da idi. Gaban asibiti kada a sa kuɗi kwata-kwata.

Gargaɗi: motocin ciyaman, kansiloli da ma'aikatan sakatariya ba sa cikin jerin. Ranar da direban babba ya wuce ba biya a gaban jama'a, washegari kowa ya zama ɗan gidan wani.

6. Tikiti da hanyar kuɗi

Wannan mataki shi ke raya tsarin ko ya kashe shi. Tikiti ya kasance mai lamba a jere, a littafi mai ganye 100, kowane ganye kashi uku: gindin da ke zama a littafi, wanda ake maƙalawa a abin hawa, da wanda mai shi zai riƙe. A buga farashin a jiki da manyan lambobi, da Hausa, da lambar wayar ƙorafi. Launin na mota daban da na babur. Ma'aji shi ke ajiye littattafan, ya riƙa bayarwa kullum da sa hannu, ana rubuta lambar farko da ta ƙarshe.

Da yamma a yi lissafi a gaban mutum biyu: lambar ƙarshe da aka yanka a cire ta farko, a ƙara ɗaya, a ninka da farashi, abin da ya fito shi ake nema a hannu. Kuɗin ya shiga banki washegari da safe, cikakke. Kada a biya albashi ko a sayi fenti daga kuɗin ƙofa. Duk abin da za a kashe ya fito ta hannun ma'aji da takarda.

Idan za a karɓa ta POS ko tiransifa, na'urar da asusun su kasance da sunan ƙaramar hukuma, a rubuta lambar asusun a allon ƙofa. Ko ta waya aka biya sai an yanka tikiti. Mai tikiti ya duba shigar kuɗin a na'urarsa, kada ya dogara da hoton da aka nuna masa a waya. A jihar da ta hana karɓar tsabar kuɗi, wannan ita ce hanya ɗaya tilo, don haka a tanadi na'ura biyu masu layin kamfani daban-daban saboda ɗaukewar sabis.

Hanyoyin da kuɗi ke zubewa sanannu ne. Mai ƙofa ya karɓi tikitin wanda ya fita ya sake sayar da shi: maganinsa a yaga tikiti a ƙofar fita, a jefa a akwati mai kwado, a kuma buga hatimin kwanan wata kowace safiya. Ya karɓi rabin kuɗi ba tikiti: maganinsa allo mai cewa duk wanda ba a ba shi tikiti ba kada ya biya, da binciken ba-zata, inda mai duba zai ƙirga abin da ke cikin fili ya gwada da tikitin da aka yanka. A buga littafin bogi: maganinsa maɗaba'a ɗaya, da rajistar lambobi a ofishin mai binciken kuɗi. A riƙa sauya wa ma'aikata ƙofa duk mako.

Ga babura, tikitin shi ne shaidar mallaka. Ba a sakin babur sai lambar da ke hannun mutum ta yi daidai da wadda ke jikin babur. Wanda ya yar da nasa ya kawo takardun babur ko shaidar mai unguwa, a rubuta sunansa, a ɗau hotonsa da babur ɗin. Masu kwana a rubuta suna da lambar waya a rajista.

A yanke shawara tun yanzu kan sata, a sa a doka. Mutanenmu suna ɗaukar abin da aka biya aka ajiye a matsayin amana, kuma allon da ke cewa hukuma ba ta da alhaki ba zai gamsar da wanda aka saki babur ɗinsa ga wani ba tare da tikiti ba. A rubuta ƙarara: ba a ɗaukar alhakin kayan da aka bari cikin mota, amma abin hawa da ya fita ta sakacin ma'aikaci za a biya. A riƙa ware wani kaso kowane wata saboda haka. Ma'aikaci kada ya karɓi makullin kowa.

Batun ba ɗan kwangila: kada a yi sai hukuma ta gudanar da kanta wata uku ta san abin da wurin ke kawowa. Idan za a bayar, shekara ɗaya, da tikitin hukuma, da farashin da ke cikin doka. Tsarin da ake ce wa mutum ya kawo kaza duk mako, saura nasa, shi ke haifar da matasa masu gora a bakin titi.

7. Ma'aikata, sanarwa da buɗewa

Kowane ma'aikaci ya samu riga mai ƙyalli da lamba babba a gaba da baya, da katin shaida. A yi musu horo na kwana biyu a filin kansa: jera motoci, rubuta tikiti, lissafin yamma, amfani da tukunyar kashe gobara, da yadda ake magana da dattijo ko wanda ya fusata. Albashi a kan lokaci. Wanda aka riƙe wa haƙƙinsa yana riƙe da kuɗin hukuma a hannu, an san abin da zai biyo baya.

Sanarwa ta fara wata ɗaya kafin ranar: mai shela ya zaga kasuwa sau huɗu a jere, a faɗa a masallatai da coci-coci, a rediyon da garin ke saurare, a kafa alluna da Hausa da Turanci, da ajami inda ake karanta shi. Direbobin ƙauyuka da ke zuwa mako-mako a tashoshinsu za a same su, a aika ta hannun yuniyan.

A buɗe filin kyauta kasuwa biyu na farko, ana yanka tikiti amma ba a karɓar kuɗi. A nan ne za a ga ƙofar da ta yi ƙunci da layin da mota ba ta iya juyawa, ma'aikata kuma hannunsu ya faɗa. A kasuwa ta uku a fara karɓa. Kada ranar farawa ta faɗo a jajibirin sallah ko lokacin yaƙin neman zaɓe.

8. Hukunta masu saɓawa

Mako biyu na farko bayan fara biya, takardar gargaɗi kawai. Bayan haka tara, kamar yadda doka ta faɗa. Kafin a taɓa mota a ɗauki hotonta da waya, a ga lambarta da allon hani a hoto ɗaya. A sa maƙalar taya mai kwado, a bar takarda mai nuna laifi, adadin tara, asusun da za a biya da lambar wanda zai zo ya kwance. Janye mota sai idan ta toshe hanya ko ƙofar asibiti, da ɗan sanda a wurin, a rubuta halin da take ciki kafin a ɗaga.

Mai cin tara daban, mai karɓar kuɗin fakin daban, kuma kada a ba kowa kamasho a kan tara. Wanda abincinsa ke cikin tara zai ɓoye allo ya laɓe yana jira. Sace iskar taya, cire lambar mota, ƙwace makulli da shimfiɗa katako mai ƙusa a hanya duk a haramta su a rubuce, wanda ya yi a sallame shi. Mai ƙorafi ya samu kwana bakwai ya kai wa kwamiti mai mutum uku, ɗaya daga ciki wakilin 'yan kasuwa ko direbobi.

Gargaɗi: da zarar an fara karɓa, wasu za su koma lungunan da ke bayan kasuwa su toshe ƙofofin gidaje. A sa waɗannan lunguna cikin dokar tun farko a matsayin na mazauna kawai ranar kasuwa, masu unguwa su ba da jerin motocin 'yan unguwa, a ba su sitika kyauta.

9. Bita bayan wata uku

A maimaita ƙidayar mataki na farko, a wurare da awoyi iri ɗaya, a gwada. Ma'aunin da masu tsara birane ke bi shi ne wuri ya cika kusan kashi 85 cikin 100 a lokacin cunkoso, wato a kowane gurbi bakwai ɗaya na buɗe. Idan bakin titi kullum a cike yake maƙil, a ƙara farashinsa ko a rage lokacin zama. Idan fili bai kai rabi ba alhali lunguna sun cika, ko dai farashin ya yi yawa, ko nisa, ko mutane ba su amince da gadin ba. A tsaya a ƙofa a tambayi direbobi ashirin, amsar za ta fito. Canjin farashi ya bi ta majalisa, a sanar wata ɗaya kafin ya fara, kuma kada ya wuce sau ɗaya a shekara.

Kowane wata a liƙa takarda ɗaya a ƙofar fili da ofishin sarkin kasuwa: tikiti nawa aka yanka, nawa aka samu, nawa aka kashe, me aka yi da saura. Bayan damina ta farko a cike ramuka da marmara, a yashe kwata da kwalbati, a sake fentin tayoyi, a duba batiran fitilu kafin motocin kaka su fara shigowa.